Siyasar Buhu da Makomar Ƙasar Noma: Darasin Maraɗi ga Gwantu

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a ji sanarwa a rediyo cewa za a yi bikin ƙaddamar da sayar da takin zamani. A jera manyan motoci, a kafa rumfuna, a gayyato makaɗa da 'yan jarida, wani babba ya ɗaga buhu a ɗauke shi hoto, a watse. Daga nan an gama da manomi sai baɗi. Wannan al'ada ta yi jijiya a ƙasar nan, har ta kai ga da yawan buhunan da aka raba ake auna ƙaunar da hukuma take yi wa talaka, babu mai tambayar halin da ita ƙasar da za a zuba wa takin take ciki. Mu mun kira wannan ɗabi'a siyasar buhu, kuma da ita muka zo yin jayayya a wannan maƙala.

Matsayinmu a fili yake. Lokaci ya yi da hukuma da jami'a da masarautu za su mara wa manomi baya ya koma ga abin da za mu kira noman raya ƙasa. Manoman Maraɗi, waɗanda ruwan da suke samu bai fi sulusin na Kafanchan ba, sun riga sun nuna cewa hanyar tana ɓullewa. Gwantu da sauran garuruwan kudancin Kaduna suna da damar koyon darasin tun da sauran danshi a ƙasarsu, kafin fari ya koya musu shi da bulala.

Me Muke Nufi da Noman Raya Ƙasa?

Muna nufin noman da ke ɗaukar ƙasa a matsayin abu mai rai, wanda ake ciyar da shi domin shi ma ya ciyar da shuka. Ginshiƙansa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya: haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, sauya shuka daga shekara zuwa shekara, barin itatuwa masu amfani a cikin gona, mayar wa ƙasa kara da ganye da kashin dabba maimakon cinna musu wuta, tare ruwan sama kada ya gudu da ƙasa, da adana irin gida. Wake da gyaɗa da waken suya suna da wasu ƙulle-ƙulle a saiwarsu waɗanda ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su bar shi a gona. Ganye da taki idan suka ruɓe su ne ke riƙe ruwa da abincin shuka a cikin ƙasa, su ne kuma abincin tana da sauran ƙananan halittun da ke sassauta ta. Saiwar itace tana zuwa inda ta masara ba ta kaiwa, ta ɗebo abinci, ganye ya zubo da shi a sama.

Mai karatu zai ce ai wannan noman kakanninmu ne. Haka ne, kuma a nan gizo yake saƙar. Mu da sana'armu ita ce nazarin harshe da adabi mun san cewa suna linzami ne. Ranar da aka raɗa wa abin da ke cikin buhu suna "takin zamani", aka bar wa na garke suna "takin gargajiya", ranar aka yanke hukunci tun ba a saurari shaidu ba. Wane saurayi ne zai yarda a gan shi da kwandon juji alhali ga zamani a buhu? Da wannan kalma ɗaya aka mayar da ilimin ɗaruruwan shekaru abin kunya, aka mayar da mai haɗa dawa da wake baƙauye, mai barin ɗorawa a tsakiyar gona malalaci.

Yadda Buhu Ya Hau Gadon Sarauta

A 1975 aka buɗe ayyukan raya noma na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, a 1980 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma. Dukkansu a kan taki mai rangwame suka ginu, domin a lokacin kuɗin man fetur ne ke biyan mafi yawan farashin kowane buhu. Masara, wadda a da abar bayan gida ce da ake gasawa a farkon kaka, ta fito ta mamaye gonakin dawa, ita kuwa shuka ce mai haɗama, ba ta yi sai an ƙosar da ita. Babu mai musun cewa rumbuna sun cika a waɗannan shekaru. Sai dai an ɗora cikin talaka a kan abin da ba shi da iko da farashinsa.

Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. A 1997 gwamnati ta janye rangwamen, amfani da taki ya faɗi warwas, sai a 1999 aka maido da kashi 25 cikin ɗari. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, wa'adin ya zo ya wuce ba a cim ma haka ba. A 2017 an sayar da buhun NPK na shirin gwamnatin tarayya a kan naira 5,500. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, buhu ya haura naira 20,000, sannan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙara tura shi sama. Ana yin yuriya a cikin ƙasar nan, amma fosfet daga Maroko yake zuwa, fotash kuma daga ƙasashe irin su Rasha. Ke nan manomin Fadan Karshi ko Gidan Waya, wanda bai taɓa ganin teku ba, abincin iyalinsa ya rataya a kan jiragen ruwa da yaƙin da bai san dalilinsa ba.

Daɗin daɗawa, ita kanta ƙasar tana biyan nata kuɗin. Ƙasar yankinmu ba ta da yalwar ruɓaɓɓun abubuwa, saboda haka ba ta iya riƙe abin da aka zuba mata. Mamakon ruwa ɗaya ya isa ya wanke rabon shuka ya kai shi rafi. Yuriya kuma idan aka dawwama a kanta ita kaɗai, tana sa ƙasa ta yi tsami. Shi ya sa manomi kan ce gonarsa ta gaji: abin da buhu biyu suka yi masa a da, yanzu sai ya ƙara a kai, ga wuta-wuta ta yi wa masara ƙawanya, ita da ba ta son komai kamar gonar da ta rame. Har shugabannin nahiyar sun gano haka, domin taron da suka sake yi a Nairobi a 2024 sai da suka ƙara "lafiyar ƙasa" a cikin sunansa.

Abin da Samaru da Abet Suka Daɗe da Sani

Abin takaici shi ne ba sai mun je Turai neman hujja ba. Tun 1950 aka fara wani dogon gwaji a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, inda aka yi shekaru da dama ana kwatanta filayen da aka zuba wa kashin shanu, da waɗanda aka zuba wa takin buhu, da waɗanda aka haɗa musu duka biyun. Sakamakon ya nuna cewa filin da ake ba naitirojin na buhu shi kaɗai yana tsami yana ramewa, wanda ake haɗa masa da kashin shanu kuwa yana riƙe ƙarfinsa. A tsakiyar shekarun 1960 kuma masanin tattalin arzikin noma David Norman ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana lissafa abin da suke samu. Ya tarar mafi yawan gonakinsu haɗe-haɗe ne, ya kuma tabbatar da cewa haɗin ya fi shuka ɗaya tal riba a kan fili ɗaya, ya fi ta kare manomi idan damina ta yi gardama. Wato baƙauyen da ake yi wa dariya ya fi mai dariyar iya lissafi.

A nan kudancin Kaduna ma an yi irin wannan aiki. A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar nazarin dabbobi ta Afirka, ILCA, sun zauna a Abet ta ƙasar Zangon Katab da Kurmin Biri ta wajen Kachia. Sun rubuta yadda manoma suke gayyatar makiyaya su kafa mashekari a gonakinsu da rani, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya saka wa mai garke da hatsi ko kuɗi ko wurin zama, a kan irin wannan fili ne kuma ake samun citta mai kyau. Sun kuma gwada killace fili a shuka masa wata ciyawa dangin wake domin shanu su ci da rani, suka ga cewa masarar da aka shuka a wurin daga baya ta fi ta maƙwabta. Duk wannan ilimi yana nan a rubuce cikin Turanci, a kan kantocin ɗakunan karatu, ƙura tana cin sa. Bai sami ɗan kwangilar da zai tallata shi ba, domin babu kamisho a kashin saniya.

Darasin Maraɗi

Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. An daɗe ana koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, dokar daji da aka gada daga Faransawa kuma ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, don haka babu wanda ya ga dalilin renon abin da ba nasa ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da gatari. Babu gandun reno, babu ban ruwa, babu buhu. Kayan aikin wuƙa ce ko lauje.

Da farko an yi wa masu yin haka dariya. Da aka ga gonakinsu sun daina binne shuka da rairayi, ga itacen girki, ga abincin dabba, ga gero ya fi na maƙwabci, sai dabarar ta riƙa tafiya daga baki zuwa baki, daga kasuwa zuwa kasuwa. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na baya, irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, galibinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Cikinsu har da gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. Hukuma ta biyo baya: aka sassauta dokar daji, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena.

Haka nan a 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, ƙasar Yakuba Sawadogo, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo da rani, a zuba taki a ciki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a shuka. Suka dawo gida da dabarar, wadda ake kira tassa, har faƙon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A 2018 Sawadogo da Rinaudo suka sami babbar lambar yabo ta duniya da ake bayarwa a Suwidin. Abin da ya fi burge mu a matsayinmu na ɗaliban harshe shi ne sunan da mutanen Maraɗi suka ba renon kututture. Sun kira shi "sassabin zamani". Sun ƙwato kalmar daga hannun buhu, suka ɗora ta a kan wuƙar manomi.

"Ai Gwantu Ba Hamada Ba Ce"

Wannan ita ce amsar farko da za a ba mu, kuma gaskiya ce rabi. Ƙasar Sanga tana da ruwa da duwatsu da kurmi, ba ta cikin jihohi 11 na bakin hamada da aikin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. To amma bushewar gona ba daga sama kaɗai take zuwa ba. Ƙasar da aka tsiraita, aka ƙone karanta, aka feshe ciyawarta ƙurmus, ruwa ba ya shigarta, gudu yake yi a kanta ya tafi da ita. A gangaren dutse yawan ruwan ma shi ne masifar. Gona tana iya shan mamako a watan Agusta, ta yi ƙishi bayan kwana goma. Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Akwanga ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane buhu kuwa kabarin wata kirya ce ko kaɗanya. Madobiya ma an yi mata wawaso a dazuzzukan Nijeriya ana kai wa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Idan kaɗanya da ɗorawa suka tafi, jarin matan karkara ne ya tafi, domin da man kaɗe da daddawa suke biyan kuɗin makaranta da na magani.

Gargaɗi mafi zafi ya zo a daminar 2023, lokacin da annobar ruɓewa ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Mutanen da suka sayar da dabbobi, suka ci bashi, suka zuba komai a shuka ɗaya, sun wayi gari ganye ya yi rawaya, saiwa ta narke a ƙasa. Ƙwayar cuta ce ta kawo ta, amma hanyar da ta bi mu muka share mata: iri ɗaya da ake maimaitawa shekara da shekaru, fili ɗaya da ba a hutar da shi, yanki guda da ya jingina arzikinsa a kan amfani guda. Gidan da ke da acca da dauro da doya da gwaza da wake ya ji jiki, amma bai kwana da yunwa ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, Hausawa suka ce, shafa wa naka ruwa.

Amsa ga Masu Suka

Za a ce mana Siri Lanka ta gwada ta sha wuya. Lalle a watan Afrilun 2021 gwamnatin wannan ƙasa ta haramta shigo da takin buhu dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare ta janye dokar. Wannan hujja ce a kan gaggawa da mulkin umarni, mu kuwa ba mu nemi a haramta komai ba. Ƙasarmu tana ƙarancin fosfet, kuma gwajin Samaru da kansa haɗi ya yaba. Abin da muke cewa shi ne buhu ya sauka daga gadon sarauta ya zama bara: a gina ƙasa tukuna, sannan ɗan abin da aka zuba ya zauna ya yi aiki.

Za a ce aikin yana da wahala, matasa kuma sun gudu birni. Gaskiya ne tara taki da haƙa rami da jera duwatsu a gangare suna cin ƙarfi, amfaninsu kuma ba ya bayyana a shekarar farko. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa muke neman tallafi. Manomin da zai sauya hanya yana buƙatar wanda zai riƙe shi na shekara biyu ko uku, kamar yadda aka riƙe masara da kuɗin fetur shekaru ashirin. Za a kuma ce jama'a ta yi yawa, noman da ba zai ciyar da ita ba. Sai mu nuna ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda cunkoson jama'a ya daɗe da hana hutar da gona, amma aka yi ƙarnuka ana noma fili ɗaya kowace shekara da takin tumaki da awaki da jujin birni da jakuna ke kaiwa, ga itatuwa a tsaye a cikin gonaki. Game da maganin feshi kuwa, ya isa a tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan gubar ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi, mu muka ci shi a ƙosai da alala.

Abin da Muke Nema

Na farko, a karkatar da wani kaso na kuɗin da ake kashewa a kan buhu zuwa ga malaman gona da gonakin gwaji a kowace gunduma ta Sanga da Jama'a. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna kuwa tana ciki. Haƙƙin jama'a ne su tambayi nawa ya iso gonakinsu. A kwashi manoma, maza da mata, a kai su su ga sassabin zamani da idonsu, kamar yadda mutanen Illela suka je Yatenga, domin gani ya kori ji.

Na biyu, ƙananan hukumomi da masarautu su fitar da ƙa'ida a rubuce cewa wanda ya reni itace shi ke da amfaninsa, ko da a gonar aro ce ko ta haya, kuma sare ɗanyar ɗorawa ko kaɗanya domin gawayi laifi ne mai tara.

Na uku, a farfaɗo da yarjejeniyar kara da taki tsakanin manomi da makiyayi, a gaban hakimai da arɗo-arɗo, tare da fitar da burtali da lokacin shiga gona bayan girbi. Ba mu manta jinin da ya zuba a Sanga a 2014 ba, ba mu kuma ɗauka cewa kashin shanu zai maye gurbin shari'a da tsaro ba. Amma mutanen da kowannensu ke da buƙata a hannun ɗan'uwansa sun fi kusa da zama lafiya a kan waɗanda buhu ya raba.

Na huɗu, a samar da irin citta mai tsabta tare da tsarin sauya shuka, a kuma kafa rumbunan adana irin acca da tamba da dauro da rizga kafin su ɓace tare da tsofaffin da suka san su.

Kammalawa

Na ƙarshe namu ne, mu mutanen jami'a. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna tana Kafanchan, kwalejin ilimi tana Gidan Waya, amma binciken da ake yi cikin Turanci yake kwana. Hausa ita ce harshen kasuwa daga Kwoi har Gwantu, saboda haka nauyi ne a kan masu nazarin ta su fassara abin da Samaru ta gano zuwa ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo, su haɗa hannu da masu magana da Numana da Ninzo da Jju da Tyap da Hyam domin saƙon ya shiga kowane gida. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya tafi ƙauyensu ya tattaro sunayen ƙasa da na iri da na ciyayi, da karin maganar noma da waƙoƙin gayya, domin a cikinsu aka ajiye bayanin wace shuka ke bin wace, wane itace ake bari, wace ciyawa ce ke nuna gona ta gaji. Marubutanmu na wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai kuma su daina zana manomi a matsayin abin tausayi mai jiran motar taki. Kututturan kirya da kaɗanyar da aka sare bara suna nan da rai a gonakin Gwantu, za su kuma yi toho da bazara. Ko a rene su ko a cinna musu wuta, wannan hukunci yana hannun mai gona, shi kuwa abin da muka gaya masa shi ne zamani, shi zai bi.